IDAN KIƊA YA SAUYA: Shin Ya Dace Kamfani Ya Sauya Wa Kwamfuta Ƙwaƙwalwa?

Na san akwai mai karatun da zai ga kan wannan rubutu ya ce, to me ya haɗa kifi da kaska? Mutumin da iyakar saninsa buga wa ɗalibai takardu a wani ɗan shago a garin Jega, ina shi ina tsoma baki cikin sha'anin manyan kamfanonin Amurka? Ba zan ga laifin wanda ya faɗi haka ba. Sai dai ina roƙon a bi ni a sannu, domin ni ban je neman wannan magana ba, ita ce ta iske ni har cikin shago, kuma ina da yaƙinin cewa nan da 'yan shekaru za ta iske duk wanda ke cin abinci da kwamfuta daga Aliero zuwa Maiyama, har da ku marubuta da kuke tara littattafanku a cikinta.

Ga yadda abin ya faru. Cikin bazarar 2025, lokacin da zafin ƙasar Kabi ke sa mutum ya ji kamar ya tuɓe fatar jikinsa, wani ɗan yayata da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya zo mini hutun ƙarshen mako ɗauke da sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda wansa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko masa. Siririya ce, ba ta fi littafin rubutu na 'yan makaranta kauri ba. Ranar kuwa tun daren jiya babu wuta, man janaretana kuma ya ƙare da hantsi, ga ɗalibai uku zaune a benci kowa da aikinsa na gaggawa. Kwamfutocina guda biyu suna nan shiru kamar gidan makoki, domin batir ɗin ƙaramar ya daɗe da mutuwa, babbar kuma dama ba ta san wani abu batir ba. Sai yaron nan ya ce, "Kawu, kawo in rage maka aiki." Ya buɗe tasa ya kama bugu tun kafin azahar har aka idar da la'asar, na leƙa na ga cajinta bai ko sauka zuwa rabi ba. Na kai hannu ƙarƙashinta na ji babu zafi, na kasa kunne ban ji kukan fanka ba. Na ce a raina, lalle wannan ita ce kwamfutar da aka ƙera saboda mutanen Jega.

Ashe murna za ta koma ciki. Da yamma aka kawo wuta, muka haɗa ta da tsohuwar firintata wadda ta fi shekara goma tana yi mini biyayya, sai firinta ta yi kunnen uwar shegu da mu. Muka cire waya muka mayar, muka kashe muka kunna, har aka kira magariba babu takarda ko ɗaya. Na kira mai gyaran da nake kai wa aiki, ya tambayi irin kwamfutar, da ya ji sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wagga ba irin taku ba ta. Ƙwaƙwalwatta daban ta, ba ta jin yaren firintakka." Ƙarshe dai sai da muka kwashe aikin a filashi muka zuba a tsohuwar kwamfutata, wadda muka gama yi wa dariya da rana, ita ta fitar da mu kunya.

A yini guda ke nan na ga amfanin sauyin da kuma wahalarsa, kuma tun daga ranar nake bin diddigin maganar. Matsayina a yau shi ne, ya dace kamfanin da ke ƙera kwamfuta ya sauya mata ƙwaƙwalwa idan sabuwar ta fi tsohuwar tattalin wuta. Amma akwai hakkin waɗanda sauyin zai bari a baya, kuma mu ne na bayan. Bari in yi bayani dalla-dalla.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu da bai kai kwalin ashana girma ba, shi ke yin dukkan lissafi da sarrafa umarni, shi ne nake kira ƙwaƙwalwa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, waɗannan ƙwaƙwale gida-gida ne, kuma kowane gida da harshensa. Duk manhajar da kake aiki da ita, ko ta rubutu ko ta zane ko ta lissafi, sai an juya ta zuwa harshen gidan da za ta zauna kafin ta yi aiki. Gidaje biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne wanda ake kira x86, wanda kamfanin Intel ya assasa a 1978, ya kuma yi ƙarfi bayan da IBM ya ɗauke shi ya sa a kwamfutarsa ta 1981. Kamfanin AMD ma harshen wannan gida yake yi. Kusan duk kwamfutar da ka taɓa gani a ofishin ƙaramar hukuma, ko a banki, ko a shagon buga takardu, 'yar wannan gida ce. Gida na biyu shi ne ARM, wanda Sophie Wilson da Steve Furber suka zana wa wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn a garin Kambirij na Ingila, aka fara gwada shi a 1985. Tun farko an san shi da rashin cin wuta, shi ya sa masu ƙera wayar hannu suka rungume shi. Tecno da itel da Infinix ɗin da ke aljihun mai sayar da albasa a Aliero da ɗan kabu-kabu a Maiyama duk ƙwaƙwalwar gidan ARM ce a cikinsu. Wato dai baƙon nan ya daɗe a gidajenmu, sunansa ne kawai ba mu tambaya ba.

To idan kamfani ya ce zai tashi daga wannan gida zuwa wancan, kwatanta shi da babban dillali a kasuwar Jega wanda ya shekara ashirin yana ciniki da Hausa, ya wayi gari ya ce daga yau Zabarmanci kawai yake ji. Duk abokan cinikinsa dole ɗayan biyu, ko su koyi sabon harshe, ko a nemo tafinta. Wanda bai samu ko ɗaya ba ya ɗauki kayansa ya yi gaba.

Babu kamfanin da ya kai Apple yin irin wannan ƙaura, domin sau uku ya yi ta. Kwamfutarsa Macintosh ta fito a 1984 da ƙwaƙwalwar Motorola. A 1994 ya koma PowerPC, wadda ya haɗa hannu da IBM da Motorola aka ƙera. Sai kuma ranar 6 ga Yuni, 2005, Steve Jobs ya tsaya gaban masu rubuta manhaja ya sanar cewa za su koma Intel, kamfanin da suka shekara da shekaru suna yi wa ba'a a tallace-tallacensu. Magoya bayan Apple da yawa sun ji kamar an ci amanarsu. Amma dalilin da ya bayar shi ne abin lura. A 2003 ya yi alƙawarin cewa cikin shekara guda ƙwaƙwalwarsu ta G5 za ta kai saurin gigahaz 3, alƙawarin bai cika ba. Sannan G5 ɗin tana cin wuta tana zafi har ta gagara sakawa cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Ya ce abin da suke dubawa shi ne yawan aikin da ƙwaƙwalwa za ta yi da kowane wat guda na wuta. A Janairun 2006 kwamfutocin farko masu Intel suka fito, kafin ƙarshen shekarar an kammala ƙaurar.

Bayan shekara goma sha biyar, a watan Yunin 2020, Tim Cook ya sanar da ƙaura ta uku, daga Intel zuwa ƙwaƙwalwar da Apple ya zana da kansa bisa harshen ARM. A Nuwamba ta wannan shekara M1 ta fito, aka sa ta cikin MacBook Air wadda ba ta da fanka ko ɗaya, cajarta ta wat 30 ce, kamfanin kuma ya ce batirinta na iya kaiwa awa 18. Ka kwatanta da cajar wat 65 ko 90 da muke gani a jikin kwamfutocin da ke hannunmu. Dalilin da ya kai Apple gidan Intel a 2005 shi ne dai ya fitar da shi a 2020, wato wuta da zafi.

To jama'a, idan mutumin Kalifoniya da wutarsa ba ta ƙiftawa ya ɗauki cin wuta da wannan muhimmanci, mu fa? A wurinsa dogon batir jin daɗi ne, ya zauna a jirgin sama yana kallon fim. A wurina kuwa shi ke raba ranar da zan koma gida da kuɗin cefane da ranar da zan koma hannu rabbana. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Kowane shafi da na buga da janareta akwai kuɗin mai a cikinsa, ɗalibi kuma shi ke biya. Kwamfutar da farantin sola guda da ƙaramin batir za su riƙe ta yini cur ta sauya lissafin shago gaba ɗaya. Ga kuma zafi da ƙura. Tsakanin Maris da Mayu zafinmu na wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura ke shiga ko'ina. Fanka ita ce ƙofar da ƙura ke bi ta shiga cikin kwamfuta, kuma yawancin waɗanda na kai gyara a rayuwata toshewar fanka da zafi ne suka kayar da su. Na'urar da ba ta buƙatar fanka ta rufe wannan ƙofa.

Manoman albasa na Aliero da masu noman rani a fadamun Jega sun riga mu fahimtar wannan karatu. Da fetur ya yi tsada, na ga da idona yadda wasu suka mayar da injin ban-ruwansu ya koma shan gas, masu hali kuma suka sayi na sola. Ban ji manomi ko ɗaya ya ce yana jin kunyar rabuwa da fetur saboda tsohuwar zumunta ba. Tambayoyinsa biyu ne, shin tiyo da bututun da nake da su za su shiga sabon injin? In ya lalace kuma, wa zai gyara mini a nan kusa? Waɗannan tambayoyi biyu na manomi su ne ainihin tambayoyin da ya kamata a yi wa duk kamfanin da zai sauya ƙwaƙwalwa.

Akwai ma misalin da ya taɓa ƙasarmu kai tsaye. Masu dogon tunani za su tuna da shirin nan na kwamfuta guda ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya fito da shi a 2005, ana yi mata kirari da kwamfutar dala 100. A 2007 an gwada ta a wata makarantar firamare da ke Galadima kusa da Abuja. Ta farkon ƙwaƙwalwar AMD ce a cikinta, wato 'yar gidan x86. Da tafiya ta yi tafiya, masu shirin suka ga cewa babban abokin gabansu a ƙauyukan duniya shi ne rashin wuta, sai suka fitar da wani sabon samfuri a 2012 mai ƙwaƙwalwar ARM ta kamfanin Marvell. Sauyin bai ba su wahala ƙwarai ba, domin babbar manhajarsu Linux ce, wadda asalin rubutunta a buɗe yake ga kowa, ana iya juya ta zuwa kowane harshe. Shirin bai yi nisa a Nijeriya ba, amma darasin yana nan. Duk wanda ya zauna ya yi tunanin yaron ƙauye da gaske, lissafinsa kan ƙare ne a kan ƙwaƙwalwar da ba ta cin wuta.

Yanzu kuma bari in ba masu cewa kada a sauya hakkinsu, domin suna da hujja, kuma mai gyarana na cikinsu. Tarihi ya nuna cewa ba kowace ƙaura ke kai mutum tudun mun tsira ba. Intel da kansa, tare da HP, ya fito da wata sabuwar ƙwaƙwalwa mai suna Itanium a 2001, da nufin ta gaji x86. Tsofaffin manhajoji suna tafiya a kanta kamar hawainiya, sai mutane suka ƙi ta. A 2003 AMD ya bi wata hanya, ya faɗaɗa tsohon harshen ba tare da ya jefar da shi ba, kasuwa ta bi shi, har Intel ɗin ma dole ya biyo baya. Itanium ta yi ta jan ƙafa har aka daina fitar da ita a 2021. Haka Microsoft ya fito da Surface RT mai ARM a 2012, ga ta da fuskar Windows amma ba ta karɓar manhajojin Windows da mutane suka saba da su. A Yulin 2013 kamfanin ya sanar da asarar dala miliyan 900 a kanta. Me ya bambanta su da Apple? Tafinta. A 2006 Apple ya sa wata manhaja mai suna Rosetta da ke fassara tsohon harshe zuwa sabo ba tare da mai kwamfuta ya sani ba, a 2020 kuma ya kawo Rosetta 2. Microsoft ma ya koyi darasi, domin kwamfutocin da suka fito a 2024 da ƙwaƙwalwar Snapdragon X ta Qualcomm sun zo da nasu tafintan mai suna Prism.

Sai dai shi tafintan nan yana da iyaka, kuma a kan iyakar tasa ce na yi tuntuɓe a shagona. Yana fassara manyan manhajoji, amma ba ya fassara ƙananan nan da ke haɗa kwamfuta da firinta ko na'urar ɗaukar hoton takarda ko ta ɗaukar zanen yatsa, waɗanda masu gyara ke kira direba. Su dole sai wanda ya ƙera na'urar ya sake rubuta su da sabon harshe. To wane kamfani ne zai ɓata lokacinsa a kan firintar da ya daina sayarwa shekara goma da suka wuce? A can an jefar da ita tuni. A nan kuwa ita ke ciyar da gida.

Wata hujjar tasu ita ce, ba harshen ARM kaɗai ne ya kawo dogon batir ba. Ingancin masana'antar da ke ƙera ƙwaƙwalwar, irin TSMC ta Taiwan wadda ta ƙera M1, yana da babban kaso a ciki. Intel da AMD ma ba barci suke yi ba, a 2024 Intel ya fitar da wasu ƙwaƙwale na tafi-da-gidanka da batirinsu ke daɗewa ƙwarai. Na yarda da wannan. Amma ina tambaya, da ba a tsorata su ba, da sun farka? Shekara nawa muka yi muna ɗaukar kwamfutoci masu ƙona cinya ana ce mana haka abin yake? Ko da ƙaurar wani kamfani ba ta yi komai ba sai tayar da na zaune, ta yi amfani.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ban cika jin masu wannan muhawara suna ambata ba, shi ne wa ke riƙe da kwamfuta a ƙarshen rayuwarta. Mu a nan ba sabuwa muke saye ba. Ta hannu muke saye, wadda wani ofis a Turai ko Amurka ya gama yayinta, ta shigo ta Ikeja a Legas, ta biyo ta titin Beirut a Kano ko ta Sakkwato, kafin ta iso hannun ɗalibi a Aliero ta yi shekara shida ko takwas a duniya. Ma'ana, hukuncin da aka yanke a 2020 yanzu ne yake kama hanyar zuwa wurinmu. Kamfani kuwa lissafinsa a kan mai saye na farko yake tsayawa. Duba abin da ya faru a baya. An ci gaba da sayar da Mac mai PowerPC har cikin 2006, amma babbar manhajar da ta fito a 2009 ba ta hawa kansu, a 2011 kuma aka cire tafinta Rosetta gaba ɗaya. A wannan karon ma, an sayar da Mac mai Intel har zuwa Yunin 2023, a 2025 kuma Apple ya sanar cewa babbar manhajarsa ta wannan shekara ita ce ta ƙarshe da za ta hau kansu. Ko ba tare da sauya harshe ba ma, ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba, alhali ɗimbin kwamfutocin da ke shagunanmu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Sai ka ga na'ura lafiyarta ƙalau, amma an yanke mata igiya daga nesa.

Ga kuma maganar gyara. Tsofaffin kwamfutocin ofis da muka saba da su, da sukudireba guda mai gyara zai buɗe su a kan teburinsa, ya ƙara musu ma'ajiya, ya sauya batir, ya sa sabon allon haruffa, su ƙara shekara biyar suna aiki. Yawancin sababbin siraran nan kuwa an like komai a jikin allo guda, in abu ɗaya ya mutu duka sun mutu. Wasu kuma a ɗaure suke da asusun mai su na farko, in bai kwance su ba kafin ya rabu da su, wanda ya saya a kasuwa ya sayi faranti. Gaskiya ne wannan ba laifin harshen ARM ba ne, domin masu Intel ma sun kama wannan hanya, amma tare da sauyin abin ya yi ƙamari. Aliero gari ne da aka sani da masu ɗori, ana kawo musu karaya daga nesa su haɗa ƙashi ya koma daidai. Mutanen da suka gaji irin wannan sana'a ba za su ji daɗin na'urar da aka ƙera da niyyar in ta karye a jefar ba.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba sai an ba mu labarin sauyin da aka yi babu tafinta ba. Kafin Turawa su ci ƙasar nan a 1903, kakanninmu da ajami da Larabci suke rubuta wasiƙunsu da hukunce-hukuncensu. Da aka mayar da aikin hukuma zuwa boko, malamin da ɗakinsa ke cike da takardu ya wayi gari ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Boko ya yi mana rana, da shi nake wannan rubutu, amma har yau akwai takardun da ke cikin adaka a gidajenmu waɗanda jikokin masu su ba sa iya karantawa. Ku ma marubuta kun ɗanɗana irin wannan a zamaninku. Haruffan Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar sun share wa masu buga littattafan Hausa hawaye a lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Amma duk wanda ya buɗe tsohon littafinsa a sabuwar kwamfutar da ba a sa mata waɗannan haruffa ba ya ga yadda masu ƙugiya ke rikiɗa su koma wasu alamomi marasa ma'ana.

Saboda haka nake cewa a sauya, amma bisa sharuɗɗa. Na farko, kamfanin da ya sauya harshe ya ajiye tafinta, kuma kada ya sallame shi da zarar masu kuɗi sun gama ƙaura. Ya lissafa rayuwar kwamfuta har zuwa hannun mai ita na ƙarshe, wanda a wurinmu ba ta kasa shekara goma sha biyu. Na biyu, duk na'urar da kamfani ya gaji da kula da ita, ya bar ƙofarta a buɗe domin a iya sa mata wata babbar manhajar irin Linux, ya kuma saki bayanan da za su ba wasu damar rubuta wa tsofaffin firintoci direba. Wanda ya tashi daga gida ba ya toshe rijiyar da ke tsakar gidan. Na uku, a sayar da kayan gyara, a wallafa littafin gyara, a kuma samar da hanyar kwance kwamfutar da aka saya ta halal. Kamfanin da ya cika waɗannan ya sauya ko sau goma ne, ina bayansa. Wanda ya ƙi kuwa, ya ci ribar sauyin ya bar mana kuɗin aski.

Na san babu wani shugaban kamfani a Amurka da zai karanta abin da mai shago a Jega ya rubuta, don haka bari in juyo gida, inda maganata za ta iya yin amfani. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma duk shekara yaranmu daga Maiyama da ƙauyukanta suna tururuwa zuwa cibiyoyin jarrabawa. Masu irin waɗannan cibiyoyi, da shugabannin makarantu, da jami'an da ke sayo wa gwamnati kaya, ina ba su shawara kada ƙyalƙyali ya ruɗe su, kada kuma tsoro ya hana su. A sayi guda ɗaya tukuna, a gwada ta da manhajar da ake aiki da ita, da firinta, da na'urar zanen yatsa, in ta ci jarrabawa sannan a sayi ɗari. 'Yan'uwana masu shaguna, in Allah ya hore a sayi mai tattalin wuta, amma kada a sayar da tsohuwar, a ajiye ta a gefe, ranar da za ta fitar da kai kunya tana nan tafe. Marubuta kuma ku zauna ku juya tsofaffin littattafanku zuwa haruffan yunikod da kowace na'ura ke ganewa, ku ajiye su wuri biyu ko uku, tun kwamfutar da ke iya buɗe su tana numfashi.

Ita kuma jami'armu ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, shekarar da Apple ya kammala ƙaurarsa zuwa Intel, ina fatan malamanta za su sa ɗalibai su saba da harshe fiye da ɗaya. Akwai 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi da ta fito a 2012, mai ƙwaƙwalwar ARM, ba ta fi tafin hannu ba, kuma farashinta bai kai na waya mai kyau ba. Akwai kuma wani sabon gida mai suna RISC-V da aka fara a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 2010, wanda harshensa kyauta ne, kowa na iya ƙera ƙwaƙwalwa da shi ba tare da biyan kuɗin izini ba. Yaron da ya iya juya manhaja daga wannan harshe zuwa wancan, shi ne zai rubuta wa firintata direban da kamfaninta ya ƙi rubutawa, kuma ba zai rasa aikin yi ba.

Ɗan yayar tawa ya koma makaranta da kwamfutarsa, yana caja ta sau ɗaya a yini. Ni kuma na fara tara kuɗin irinta a asusu, firintata kuwa tana nan a mazauninta, jone da tsohuwar kwamfutar da ba zan rabu da ita ba sai ranar da ta rabu da ni. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma na yarda. Roƙona ga makaɗan kawai shi ne su tuna akwai masu rawa a bayan fage waɗanda sautin ke isowa a makare. Wanda ke da wani ra'ayi daban, musamman masu gyara da malaman kwamfuta, ina maraba da gyara. Allah ya sa mu dace. Wassalam.